Kumburin Babbar Jijiya: Daga Zamanin Zahrawi Zuwa Na'urar Sikanin

Babbar jijiyar jini, wadda likitoci ke kira ayota, daga zuciya take tasowa, ta lanƙwaso ta bi ƙirji, ta gangara ciki ta gaban ƙashin baya, sannan ta rabu biyu daidai cibiya zuwa ƙafafu. Faɗin sashenta na ciki a jikin baligi kusan santimita 2 ne. Idan bangonta ya raunana, sai wani sashe ya riƙa buɗewa sannu a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da ya fashe, kusan takwas cikin goma ba sa tashi. A garuruwanmu sai dai a ji an ce, "Faɗuwa ya yi, mutuwar fuju'a." Likitoci sun ɗauki ƙarnoni kafin su gane abin da ke faruwa a cikin wannan bango.

Likitocin farko da ido da yatsa suka san cutar, a hannu ko ƙafa, inda kumburin ke fitowa fili yana bugawa tare da zuciya. Antilus, likitan Girka na ƙarni na 2, yakan ɗaure jijiyar sama da ƙasa kafin ya tsaga. Abul Ƙasim Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya kawo bayanin cutar a littafinsa Attasrif, ya kuma ja kunne kada a kai wuƙa idan kumburin babba ne, ko yana wuya, hammata ko matsematsi. Gargaɗin nan har gobe yana da amfani ga wanzamanmu: kumburin da ke harbawa a ƙarƙashin yatsa ba ƙurji ba ne, ba a tsaga shi, ba a yi masa ƙaho. Na cikin ciki kuwa ya daɗe a ɓoye, sai a 1555 likita Besaliyas ya gano shi a jikin mai rai.

Sanin dalilin fashewar daga masu lissafi ya zo. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagaye yake yi, zuciya na tura shi da ƙarfi. A 1806 Laplace na Faransa ya fitar da ƙa'idar da likitoci suka ɗauka daga baya: nauyin da bango ke ɗauka yana ƙaruwa da ƙarfin turi da kuma faɗin bututu, yana kuma tsananta idan bangon ya yi siriri. Duk mai noman rani a bakin ruwan Tiga ya ga haka a tiyon injin ban-ruwa. Wurin da ya fara kumbura shi ke ƙara kumbura, nan kuma yake yagewa, ko da ba a ƙara wa injin wuta ba. Faɗi ya ninka, nauyin bango ya ninka. Nauyi ya ƙaru, faɗi ya sake ƙaruwa. Idan hawan jini ya haɗu da wannan, abin sai ya yi gaggawa.

Masu fiɗa sun sha wuya kafin su ci nasara. Astley Cooper ya ɗaure ayota a Landan a 1817, majinyacin bai kwana biyu ba ya cika. A 1948 aka naɗe wa Albert Einstein kumburinsa da wata irin leda don ta ƙarfafa bangon. Ya ƙara shekaru, amma jijiyar ta fashe, ya mutu ranar 18 ga Afrilu, 1955. A 1951 Charles Dubost ya yanke wa wani majinyaci kumburin gaba ɗaya a Paris, ya maye gurbinsa da jijiyar mamaci. Daga nan DeBakey a Amurka ya yaɗa amfani da bututun yadin Dacron. A 1990 Juan Parodi na Ajantina ya zura bututu ta jijiyar cinya har cikin kumburin, ba tare da buɗe ciki ba.

Da aikin ya yiwu, sai tambaya ta koma: wa za a yi wa, kuma yaushe? Binciken da aka buga a Birtaniya a 1998 ya nuna cewa kumburin da bai kai santimita 5.5 ba, sa ido da sikanin ya wadatar. Mata kuwa nasu kan fashe tun bai kai haka ba, shi ya sa ake duba yi musu aiki daga santimita 5. Daga baya aka ga faɗi kaɗai bai gama bayani ba. A cikin kumburin gudun jini yana raguwa, yana juyawa, gudaji na taruwa jikin bango suna hana shi iskar da yake buƙata. Yanzu injiniyoyi na zana surar kumburin a kwamfuta su nemo inda nauyi ya fi taruwa. Ingila kuwa tun 2009 ta fara kiran maza masu shekara 65 a yi musu sikanin sau ɗaya.

A nan ne tarihin ya shafe mu. Wanda jijiyarsa ta fashe a Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin ya kai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, alhali jini na zuba a cikinsa. Tafiyar ta fi ƙarfin mai irin wannan ciwo. Damar ceto tana gabanin fashewa, kuma abubuwa biyun da tarihi ya nuna, faɗi da ƙarfin turi, duka ana auna su da kayan da muka saba gani: na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu, da abin awon jini da ake ɗaurawa a damtse.

Don haka dattijon da ya haura sittin, musamman wanda ya sha taba, ko yake da hawan jini, ko wani ɗan'uwansa ya yi wannan cuta, ya nemi a duba masa babbar jijiya. Wanda ke jin bugu kusa da cibiya, ko ciwon baya mai tsanani ya taso masa farat ɗaya, kada a tsaya cewa basir ne ko sanyi. A bar taba, a riƙe maganin hawan jini kullum, ba sai kai ya sara ba. Hukumomin lafiya na jiha su horar da ma'aikatan asibitocin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa auna faɗin ayota, aikin da bai wuce 'yan mintoci ba. Ajali na Allah ne, neman magani kuma umarni ne da aka yi mana.