Takwara a Fagen Shahara: Yadda Hausawa Suka Riƙa Bambance Masu Suna Ɗaya

Karu gari ne na Gbagyi mai tsohon tarihi, kuma shi kansa yana da takwara. Akwai Karun da ta faɗa cikin Babban Birnin Tarayya lokacin da gwamnatin Murtala Muhammed ta shata iyakar Abuja a 1976, akwai kuma Karun jihar Nasarawa, wadda ta haɗa Mararaba da Masaka. Bayan gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, 'yan kasuwa da mahauta da ma'aikata daga Kano da Katsina da Sakkwato suka yi ta kwarara zuwa garuruwan biyu. A layi guda sai a sami Musa uku da Sani huɗu, amma ba a cika ruɗewa ba, domin kowa ya zo da laƙabinsa. Wannan dabara tana da tarihi.

Sunayen yanka a ƙasar Hausa ba su da yawa. Iyaye suna zaɓen sunayen annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah (SAW) don neman albarka, kuma uba kan raɗa wa 'ya'yansa maza da dama suna Muhammadu, ana bambance su da Sani, Salisu, Rabi'u, gwargwadon jerin haihuwa. Ga kuma alkunya, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari ko na wanda aka yi wa surukinta takwara da shi. Daga nan laƙabi ya samu gindin zama tun daga cikin gida.

Zuwan makarantun boko ya ƙara wani salo. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da makarantun midil na larduna, an riƙa rubuta ɗalibi da sunan garinsu. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, Aminu Kano da Shehu Shagari.

Makaɗa da mawaƙa su ma wannan hanya suka bi, musamman da rediyo ya fara kai muryarsu nesa da gida. Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, ya yi zamani da Mamman Sarkin Taushin Katsina, amma babu mai sauraron da ya taɓa haɗa kalangun wannan da taushin wancan. Musa Ɗanƙwairo na Maradun daban, Musa Ɗanba'u daban. Masu suna Sani kuwa har uku suka yi fice kusan lokaci guda: Sani Sabulu na Kanoma, Sani Ɗan Indo mai kuntigi, da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Adamu Wayya kuma laƙabinsa ya shafe sunan yankansa, har ya rasu a 2015 duniya Ɗan Maraya Jos ta sani.

Da finafinan Hausa suka bunƙasa daga 1990, sai aka sake samun cunkoson takwarori. Sani Danja, Sani Mu'azu, Sani Moda da marigayi Sani Garba SK duk masana'anta ɗaya suka yi wa hidima. Hadiza Aliyu ta ɗauki sunan Gabon, ƙasar da aka haife ta, mawaƙiya Fati Nijar ta bambanta da Fati Washa da Fati Muhammad. A filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuma magoya bayan Kano Pillars suka laƙaba wa kyaftin ɗinsu Rabi'u Ali suna Pele, alhali masu kallon fim suna da nasu Rabi'u Rikadawa da Rabi'u Daushe.

Ƙwallon ƙafa ce ta kai irin waɗannan sunaye Rasha. Sani Kaita, haifaffen Kano, yana bugawa Alania Vladikavkaz lokacin da aka ba shi jan kati a wasan Nijeriya da Girka a gasar cin kofin duniya ta 2010. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya koma CSKA Moscow a 2012, ya ɗauki kofin gasar ƙasar sau uku. Ranar 22 ga Yuni, 2018, ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a Volgograd.

Rashawa ma suna fama da yawan takwarori. Aleksandr Popov shi ne gwanin ninƙaya da ya ci zinare huɗu a wasannin Olamfik na 1992 da 1996, kuma sunan masanin kimiyyar da ya nuna na'urar kama saƙon iska a 1895 ke nan. Aleksandr Volkov sunan ɗan wasan tanis ne da ya doke Stefan Edberg a 1990, sunan ɗan damben UFC ne kuma na wannan zamani. Maganinsu shi ne sanya sunan uba tsakanin suna da sunan dangi, a baki da kuma a takardun hukuma. Mai ninƙayar ɗan Vladimir ne, masanin kuma ɗan Stepan.

Bambancinmu da su shi ne laƙabinmu a baki yake rayuwa. Lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014 da lambar NIN ba su san Sabulu ko Pele ba, intanet kuma takan ɗora hoton wani a kan tarihin takwaransa. Idan dattawan da suka san mai suna suka kau, ruɗani ya shigo ke nan. Don haka wajibi ne 'yan jarida da manazarta da gidajen rediyo su riƙa adana cikakken sunan kowane ɗan wasa da mawaƙi, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da laƙabinsa, domin kada a ba wani aikin da wani ya yi gumi a kansa.