Rikicin Pearl Jam da Kamfanin Ticketmaster: Tarihin Gardamar Kuɗin Shiga Wasan Kiɗa a Amurka

Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi wata rigima da ta ɓarke a Amurka a shekarar 1994 tsakanin wata ƙungiyar makaɗa da kamfanin da ke sayar da tikitin shiga wasanni. A zahiri rigimar a kan dala biyu ko uku ce. Amma idan aka bi diddiginta za a tarar cewa abin da ake jayayya a kansa shi ne ƙofar dandali: wa ke riƙe da ita, makaɗi ne, ko mai zaure, ko dillalin da ke tsakani?

Yadda dillali ya zama mai ƙofa

An kafa Ticketmaster a jihar Arizona a 1976. A lokacin, kamfanin da ya fi ƙarfi a wannan sana'a shi ne Ticketron, wanda masu zaurukan wasa suke biya domin ya sayar musu da tikiti, sannan ya karɓi 'yar la'ada kaɗan daga hannun mai saye. Da wani lauya mai suna Fred Rosen ya karɓi ragamar Ticketmaster a 1982, sai ya juya tsarin. Maimakon zaure ya biya kamfani, kamfani ne zai ba zaure kuɗi tun kafin a fara, ya kuma raba la'adar da shi. Sharaɗi ɗaya ne: na tsawon wasu shekaru, babu wanda zai sayar da tikitin wannan zaure sai Ticketmaster.

Dabarar ta yi wa masu zauruka daɗi, domin abin da a da yake cin kuɗinsu ya koma hanyar samu. Wanda ya ɗauki nauyin kuwa shi ne ɗan kallo, tun da daga aljihunsa la'adar take fitowa, kuma ba shi da wata taga da zai koma idan ya ga ta yi yawa. A 1991 Ticketmaster ya haɗiye abin da ya rage na Ticketron.

Ƙarar 1994

Pearl Jam makaɗan rok ne daga birnin Seattle. A wancan lokaci tauraronsu yana tsakar haskawa, don faifansu na biyu da ya fito a 1993 an sayi kusan kwafi 950,000 a makon farko. Mafi yawan masu sauraronsu matasa ne, 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata. Saboda haka suka yi niyyar kada tikitin rangadinsu na 1994 ya wuce dala 18, la'ada kuma kada ta wuce dala 1 da santi 80, a kuma rubuta ta daban a jikin tikiti yadda kowa zai ga abin da makaɗa suka karɓa da abin da dillali ya ɗora. Ba a daidaita ba. Ƙungiyar ta soke rangadin, ta kai kuka ga Ma'aikatar Shari'a a watan Mayu. Ranar 30 ga Yuni, biyu daga cikinsu, Stone Gossard da Jeff Ament, suka ba da bahasi a gaban wani kwamiti na Majalisar Wakilai. Wani abin lura shi ne, mai mafi yawan hannun jari a kamfanin a lokacin, Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare da Bill Gates, shi ma mutumin Seattle ne.

Hujjar kamfanin ita ce bai tilasta wa kowa ba. Zauruka da kansu suka sa hannu, kuma na'urori da ma'aikatan da ke amsa waya ba kyauta suke ba. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ta tsallake tambayar da makaɗan suka yi, wato ina mutum zai yi wasa idan duk manyan zaurukan gari an ɗaure su da yarjejeniya ɗaya?

Amsar ta bayyana a 1995, lokacin da Pearl Jam suka yi ƙoƙarin yin rangadi ba tare da Ticketmaster ba. Suka ɗauki wani ƙaramin kamfani ya sayar musu da tikiti ta waya, suka shiga neman filayen da ba su cikin yarjejeniya. Wasan farko a garin Casper na jihar Wyoming aka yi shi, nesa da manyan birane. Fili irin wannan kuwa komai sai an kawo masa: shinge, wutar lantarki, makewayi, masu gadi, da izinin hukuma. Makaɗan da aikinsu kiɗa ne suka koma lissafin katako da janareta. Ranar 24 ga Yuni a San Francisco, gaban mutane kimanin 50,000, ciwon ciki ya kama mawaƙinsu Eddie Vedder bayan waƙa bakwai, Neil Young ya hau ya ƙarasa wasan, wasu 'yan kallo suna ihun rashin yarda. Aka soke wasannin da suka biyo baya, ko da yake an mayar da wasu daga baya. Ranar 5 ga Yuli Ma'aikatar Shari'a ta rufe bincikenta da 'yar gajeruwar sanarwa.

A nan ne kan masoya ya rabu. Wasu suna ganin makaɗan sun yi asara dominsu, ya kamata a tsaya musu. Wasu kuma suna cewa me amfanin rage dala uku idan sai mutum ya yi tafiyar awa biyar kafin ya isa fili, ko kuma wasan bai zo garinsu ba sam? Duka ɓangarorin suna da hujja. Abin da ya fi karya gwiwar ƙungiyar shi ne 'yan uwansu makaɗa: da yawa sun yaba da baki, amma babu wata babbar ƙungiya da ta bi su cikin ƙauracewar. A 1998 Pearl Jam suka koma wasa a zaurukan Ticketmaster.

Abin da ya biyo baya

Bayan haka sai babakeren ya ƙara faɗi. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin SFX ya riƙa sayen ƙananan masu shirya wasanni na jihohi, Clear Channel ya saye shi a 2000, daga cikinsa kuma Live Nation ya fito a 2005. A daidai wannan lokaci cinikin faifai ya faɗi saboda intanet, makaɗa suka dogara ga kuɗin ƙofa fiye da da. A Janairun 2010 gwamnati ta yarda Live Nation da Ticketmaster su haɗe bisa wasu sharuɗɗa. Ke nan mai shirya rangadi, da mai dandali, da mai sayar da tikiti, a wurare da dama sun zama mutum ɗaya. Bukukuwan kiɗa ma ba su tsira ba, don kamfanin ya sayi rinjaye a masu shirya Lollapalooza a 2014, sannan a bikin Bonnaroo a 2015.

Gardamar ta sake tashi a Nuwamban 2022, sa'ad da shafin Ticketmaster ya cushe ranar sayar da tikitin Taylor Swift, har aka soke sayarwa ga sauran jama'a. Majalisar Dattawa ta saurari batun a Janairun 2023. A Mayun 2024, shekara 30 bayan ƙarar Pearl Jam, Ma'aikatar Shari'a da jihohi da dama suka maka kamfanin a kotu, suna zarginsa da riƙe kimanin kashi 80 cikin 100 na tikitin manyan wuraren wasa, suna neman a raba shi.

Akwai wani reshe na wannan labari da ba a cika ambatawa ba. Tun a Nuwamban 1993, don guje wa zaurukan Los Angeles, Pearl Jam sun yi wasa a wani filin ƙwallon dawaki a garin Indio, cikin hamadar California. Masu shirya wasan, kamfanin Goldenvoice, suka ga cewa mutane za su iya zuwa har can. A wannan fili ne suka buɗe bikin Coachella a Oktoban 1999. Bikin farko asara aka yi, kuma a 2001 kamfanin AEG, babban abokin hamayyar Live Nation, ya sayi Goldenvoice.