Gidan Ɗan Hausa da Abin da Tsofaffin Jaridu Ke Riƙe da Shi

Ginin ƙasa ba ya riƙe kwanan wata. Kowace shekara, kafin damina ta faɗi, magina kan sake yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo, a canza azarar da gara ta ci. Bayan shekara hamsin bangon yana nan inda yake, amma hannun da ke jikinsa ba na maginin farko ba ne. Wannan ne ya sa tarihin tsohon gida a ƙasar Hausa yake da wuyar kamawa. Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nassarawa a Kano misali ne. An san cewa Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya zauna a cikinsa, kuma a wannan unguwa ya buɗe makarantar boko a 1909. An san Kanawa ne suka laƙaba masa Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi, kuma yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. To amma tsakanin tashin Vischer da zuwan hukumar akwai shekaru masu yawa, kuma a irin wannan tsakani ne labarin gida kan ɓace: wa ya zauna, wane ofis aka mayar da shi, yaushe aka ƙara wani ɗaki. A ganina, mai son cike irin wannan giɓi ba shi da abin dogaro da ya kai tsohuwar jarida.

Dalili shi ne jarida tana da abin da baki ba shi da shi. Dattijo zai ce abu ya faru zamanin Sarki Alhaji, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, shekara ashirin da bakwai ke nan. Jarida kuwa kowane shafinta da ranarsa a sama. Kuma ba a manyan kanun labarai amfanin yake ba. Yana cikin ƙananan abubuwan da mai karatu na wancan lokaci yake tsallakewa: sanarwar canjin ma'aikaci, labarin gobara, ziyarar Gwamna da inda aka sauke shi, rasuwa, naɗin sarauta, wasiƙar wani da ke kukan ruwan sama ya rushe katanga a unguwarsu. Wanda ya rubuta su bai yi niyyar kafa tarihin wani gida ba, don haka bai da dalilin ƙara wa gidan shekaru ko daraja. Wani lokaci hoto guda da aka ɗauka don wani baƙo yakan nuna zankon da yanzu babu shi.

Za a ce jarida ta zo a makare. Haka ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin Janairu 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, shekara talatin bayan buɗe makarantar Vischer. Nigerian Citizen ta biyo a 1948, New Nigerian kuma ranar 1 ga Janairu 1966. Gida irin Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, babu jaridar da za ta ba da labarin aza harsashinsa. Amma gida ba ranar gininsa kaɗai yake da tarihi ba. Asalinsa yakan tsira a bakin mutane domin abin alfahari ne, ana maimaita shi. Abin da ake mantawa shi ne na baya-bayan nan, shekarun haya da gyare-gyare da sauyin hannu, kuma waɗannan su ne daidai shekarun da jaridu suka riska. Na kafin 1939 kuwa sai a nufi gazet ɗin gwamnati da rahotannin Razdan da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa Gaskiya, New Nigerian kuma gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta. Idonsu yana kan gidan Sarki da na Razdan da na minista. Gidan maƙeri a Tamburawa ko na marini a Ƙofar Mata ba ya shiga jarida sai in masifa ta auka masa, mata kuwa, waɗanda su ne ainihin mazauna cikin gida, da wuya a ga sunansu. Maganin wannan shi ne a karanta jaridar da sanin mai ita, a gwada ta da wadda ke adawa da ita, kamar Comet da 'yan jam'iyyar NEPU suka riƙa amfani da ita a Kano, sannan a ɗauki ranar da aka samo a koma da ita zaure wurin dattawa. Sau da yawa kwanan wata guda shi ke buɗe bakin tsoho, ya tuna wanda aka haifa a wannan damina da wanda ya yi ginin.

Abin damuwa shi ne takardar jarida ita ma ba ta fi bangon ƙasa ƙarko ba. Takarda ce mai arha, tana yin ja, tana karyewa, zafi da ƙura da gara suna cin ta. Gidan Arewa a Kaduna, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, mako biyu da fitowar New Nigerian, an mayar da shi cibiyar adana tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, kuma ire-iren waɗannan wurare ne ke riƙe da abin da ya rage. Ya kamata jami'o'inmu da gwamnatocin jihohi su ɗauki hoton kowane shafi su sa a kwamfuta tun ana iya buɗe shi. Mai tsohon gida kuma, kafin ya rushe ya zuba bulo, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta ranar, ya ajiye wa jikokinsa.