Hanyoyin da Ingilishin Yau da Kullum Ya Bi Ya Shigo Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Lokacin da rundunar Turawan Ingila ta ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903, ba jahilai ta tarar a kudancin ƙasar ba. Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, ta daɗe da sanin allo da tawada, haka kuma garuruwan da ke kudu da ita har zuwa Kebbe. Larabci shi ne harshen ilmi da shari'a, Hausa da Fulatanci kuwa su ne na gida da kasuwa. Ingilishi baƙo ne, kuma abin mamaki shi ne masu harshen da kansu ba su yi ɗokin koyar da shi ba.

Manufar Turawa a Arewa ita ce su yi mulki ta hannun sarakuna, da harshen Hausa. Makarantar da Razdan Burdon ya fara a Sakkwato a 1905 ta 'ya'yan sarakuna ce, ita ma wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausar boko ta soma. An hana 'yan mishan sakewa a ƙasashen sarakunan Musulmi, kuma Turawan suna gudun kada a sami irin 'yan bokon Ikko masu jayayya da hukuma. Su ma iyaye ba su so, balle a Lardin Sakkwato inda ba a manta da abin da ya auku a Satiru a 1906 ba. Sakamakon haka, kujerun akawu a ofisoshin gwamnati da kantunan kamfani suka koma hannun mutanen Kudu, talaka kuwa in ya tsaya gaban Di'o sai abin da tafinta ya ga dama ya isar. Ita kanta kalmar "tafinta" daga Ingilishi aka aro ta.

Bayan gyaran tsarin ilmi na wajen 1930, yaro yakan yi shekara huɗu a elementare da Hausa, sa'an nan in an zaɓe shi ya tafi Midil a babban garin lardi, inda Ingilishi ke zama harshen karatu. Wannan hanya Alhaji Shehu Shagari ya bi: elementare a Yabo, maƙwabciyar Tambuwal, daga 1931, sa'an nan Midil ta Sakkwato, daga can sai Kwalejin Kaduna. Amma ƙofa ce ƙunƙuntacciya ƙwarai, 'yan ƙalilan ne suka shige ta, kusan dukkansu maza.

Saboda haka yawancin Ingilishin da ya shiga bakin jama'a ba ta aji ya biyo ba. Hanya ta farko ita ce kuɗi da haraji. Wanda bai taɓa ganin Bature ba ma dole ya san fam da sule da sisi da taro da kwabo, tun da da su zai biya haraji da jangali. Ta biyu ita ce mota. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, don haka tasha ta zama wata makaranta da ba ta da malami: direba, fasinja, taya, birki, giya, faci, makanike. Kebbe, da yake tana gefe da wannan hanya, ba ta sami wannan cuɗanya kai tsaye kamar Tambuwal ba. Ta uku ita ce soja. Mutanen Arewa da yawa sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka koya wa sojoji ɗan Ingilishin karɓar umurni, suka komo da kofur da saje da kyaftin da fareti a bakinsu.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi kowace faɗi, ita ce cin rani. Da an kawar da amfanin gona sai samarin Lardin Sakkwato su nufi ƙasar Yarabawa ko Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, neman kuɗin haraji da na aure. R. M. Prothero ya yi nazarin wannan ƙaura a ranin 1952 zuwa 1953. Abin da ɗan cin rani ya koyo a can buroka ne, ba Ingilishin littafi ba: gaisuwa, ƙirga, tayin farashi, da yadda zai amsa wa ɗan sanda. 'Yan Midil sukan yi wa wannan Turanci dariya, alhali kuwa ya biya wa mai shi bukatar da ya koye shi dominta.

Abin lura a nan shi ne yadda Hausa ta sarrafa abin da ta karɓa. Ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe ba, sai ta cusa wasali a tsakani, aka sami burodi da sukudireba. Ta ba kalmomin jinsi da jam'i irin nata: mota ta zama mace, jam'inta motoci, tebur ya zama namiji, jam'insa tebura. Karin harshen Sakkwato ya ƙara nasa hatimi, domin inda Bakano zai ce fam da fasinja, mutumin Tambuwal hwam da hwasinja zai ce. Wannan sarrafawa ta wadata Hausa, amma ta zama tarko ga ɗan makaranta, wanda yakan zaci ya riga ya san kalmar, sai ya zo rubuta ta ko furta ta gaban malami ya ga ashe ta sake kama.

Bayan 1950 ne shugabannin Arewa suka farga da tsadar wannan rashi, da Sardauna ya tashi mayar da ayyukan gwamnatin Jihar Arewa hannun 'yan ƙasa aka rasa isassun masu takardar shaida. Shi kuwa Yaƙi da Jahilci na wancan zamani karatun Hausa ya fi koyarwa. Sai da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976 Ingilishi ya isa ƙauyuka ta hanyar aji, ga ɗimbin yara, ga malaman da aka horar cikin gaggawa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tsara a fara da harshen uwa a ajujuwan farko, daga baya a koma Ingilishi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a tsawaita karatu da harshen uwa zuwa shekara shida na firamare, sa'an nan a Nuwamban 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Ingilishi tun daga ajin farko.