Sirrin Ƙasa Ko Sirrin Ɓarawo? Darasin Wata Shari'a A Abijan

Kwanakin baya, a shirin da nake gabatarwa da Hausa a rediyo, na jefa wa masu saurare tambaya: ma'aikacin da ya fitar da takardar sirri ta gwamnati, a ɗaure shi ko a yaba masa? Wani dattijo ya bugo daga Treichville, ya ce ya fi shekara ashirin yana gadin ofis a Plateau. Ya ce da ni, "Ɗana, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda aka ba makulli ya buɗe wa na waje, maci amana ne." Na ce, "Baba, in abin da ya tarar a ɗakin kayan sata ne fa?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, wannan kuma sai alƙali." Lokaci ya ƙure mana, muka rabu a kan haka. Tun ranar nake jin yana bi na bashin amsa, kuma amsar tana cikin wani abu da ya faru a garin nan a shekarar 2010.

Sai mun fara da koko. Ba na safe da ƙosai ba, wanda ake yin cakulan da shi. Kwaddibuwa ce kan gaba a nomansa, kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa daga nan yake fita. Ko ɗan uwanmu mai sayar da albasar Galmi a kasuwar Adjamé, ko mai garba, ko mai tsire a bakin titi, ya san idan kakar koko ta yi kyau ciniki na tafiya, idan ta lalace kowa sai ya ji a aljihunsa. A farkon shekarun 2000 aka kafa wasu hukumomi da ke karɓar wani kaso daga kowane kilo da sunan tallafa wa manoma. Kuɗi suka taru, manomi bai gani a ƙasa ba, kuma ba kowa ke da zuciyar tambaya ba.

Wanda ya tambaya ya ga abin da ya gani. Guy-André Kieffer, ɗan jarida mai takardun Faransa da Kanada, ya san harkar koko ciki da waje, yana kuma rubuta abin da ya gano. Ranar 16 ga Afrilu 2004 ya ɓace a wurin ajiye motoci na wani babban kanti a Marcory, maƙwabciyar Treichville. Har yau ba a gan shi ba, a raye ko a mace.

A 2007 shugaba Laurent Gbagbo ya umarci mai gabatar da ƙara na Abijan, Raymond Tchimou, ya binciki hukumomin nan. A watan Yunin 2008 aka kama shugabanninsu da dama aka tsare. Shekara biyu suka wuce ba a fara shari'a ba, jama'a ba su san abin da binciken ya tono ba.

Ranar 13 ga Yuli 2010 ina tashar mota a Adjamé, lokacin ban ko shiga makarantar koyon aikin jarida ba. Mutanen Abijan na da al'adar taruwa da safe gaban allon mai sayar da jaridu, su karanta kanun labarai a tsaye, su yi ta gardama ba tare da sun saya ba. Ranar taron ya fi na kullum. Wata sabuwar jarida, Le Nouveau Courrier, ta fara buga abin da ke cikin rahoton sirri na mai gabatar da ƙara. A ranar aka kama mutum uku daga jaridar: Théophile Kouamouo, Stéphane Guédé da Saint-Claver Oula. Aka ce su faɗi wanda ya ba su takardar, suka ƙi. Bayan 'yan kwanaki aka kai su MACA, babban gidan yarin da ke Yopougon. Abin lura, jaridar ba ta 'yan adawa ba ce, ana ma lissafa ta cikin masu goyon bayan Gbagbo.

A nan ne darasin farko yake. Dokar aikin jarida ta Disamba 2004 ta soke ɗaurin kurkuku a kan laifin da ya shafi buga labari. Da yake ba a iya ɗaure su don sun buga, sai aka tuhume su da satar takardar hukuma, laifin da ke kai mutum gidan yari. Ma'ana, ba a yi gardama a kan ko abin da suka buga gaskiya ne ba. An bar jaki ana dukan taiki. Sai kuma aka kama Patrice Pohé, mai kula da hulɗa da 'yan jarida a ofishin Tchimou, bisa zargin cewa ta hannunsa takardar ta fita.

Ranar 26 ga Yuli 2010 kotu ta yanke hukunci. Ta wanke 'yan jaridar daga tuhumar sata, ta sake su. Amma ta ce an taka dokar da ta hana yaɗa abin da ke cikin fayil ɗin shari'a kafin a kawo shi gaban kotu a bainar jama'a, don haka ta ci tarar sefa miliyan 5, ta kuma dakatar da jaridar kwana 15. Shekara uku bayan haka, a Nuwamba 2013, aka yanke wa da yawa daga cikin shugabannin hukumomin kokon ɗaurin shekara 20, ciki har da Henri Amouzou da Lucien Tapé Doh. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

A da ina ganin tarar nan zalunci ce tsantsa. Yanzu na sauya ra'ayi kaɗan. Mutanen da aka ambata a rahoton ba a riga an tabbatar musu da laifi ba, suna da haƙƙin kada a yanke musu hukunci gaban allon jarida a Adjamé. Kotun ta auna wannan haƙƙi, ta auna haƙƙin manomi na sanin inda guminsa ya shiga, ta ce akwai kuskure amma bai kai na kurkuku ba. Wannan awon shi ne abin da Baba mai gadi yake nufi da "sai alƙali", ko da bai san labarin ba.

Ba ko'ina ake ba alƙali damar yin awon ba. A Najeriya, a 1984, ƙarƙashin doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda kowannensu, saboda labarin naɗin jakadu da ya fito kafin gwamnati ta sanar. Ran wa wannan labari ya jefa cikin haɗari? A Amurka, Daniel Ellsberg ya fitar da takardun ma'aikatar tsaro kan yaƙin Biyetnam a 1971, takardun da suka nuna an daɗe ana ɓoye wa jama'a gaskiyar yaƙin. An gurfanar da shi da dokar leƙen asiri ta 1917, wadda ba ta ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da cewa amfanin jama'a ya sa ya yi ba. Ya tsira ne a 1973 kawai don an gano gwamnati ta bi haramtattun hanyoyi wajen bibiyarsa.

To amma Baba ma yana da gaskiyarsa, kuma mu mazauna Adjamé mun fi kowa sanin haka. Kwana ɗaya kafin hukuncin Abijan, ranar 25 ga Yuli 2010, WikiLeaks ta saki dubban takardun sojan Amurka kan yaƙin Afganistan, wasu ɗauke da sunayen 'yan ƙasar da suka yi hulɗa da sojojin. Chelsea Manning, wadda ta ba da takardun, ta sami hukuncin shekara 35 a 2013, kafin shugaba Obama ya rage shi a 2017. Takardun sun tona abubuwan da ya kamata duniya ta sani, amma sunayen nan fa? Wata huɗu bayan haka rikicin zaɓe ya ɓarke a nan, aka rasa rayuka kusan 3,000. A lokacin, sunan da ke kan katin shaidarka kaɗai ya isa a fitar da kai daga gbaka a shingen 'yan daba, musamman in kai ɗan arewa ne ko baƙo daga Nijar, Mali ko Burkina. Wanda ya ga wannan ba zai ce kowace takarda mai sunayen mutane a watsa ta a titi ba. Akwai sirrin da yake katanga ne tsakanin mutum da ajalinsa.

Saboda haka amsata ga Baba ita ce: hatimin "sirri" da aka buga wa takarda bai isa hujjar ɗaure mutum ba, haka kuma cewa "don jama'a na yi" bai isa hujjar wanke shi ba. A kai shi gaban alƙali, amma a bar shi ya faɗi dalilinsa, alƙali kuma ya yi tambaya uku. Na farko, wa sirrin yake karewa, ƙasa ko wanda ya ci dukiyarta? Na biyu, ya fitar da iyakar abin da ke nuna ɓarnar, ko kuwa ya kwashe duk abin da hannunsa ya kai har da rayukan wasu? Na uku, akwai ƙofar da zai iya ƙwanƙwasawa a cikin gida a saurare shi, ko duk an toshe? Wanda ya sayar da sirrin tsaro don kuɗi, ko ya ba da sunayen da za a bi a kashe, ya cancanci hukunci mai tsanani. Wanda ya nuna wa manomi ramin da kuɗinsa ke zurarewa, amanar ya riƙe, domin dukiyar ta manomin ce, ba ta mai ofis ba. Ko malamanmu da suka tsananta a kan gulma da tona asiri sun ware wanda aka zalunta da wanda ke faɗakar da jama'a game da cuta.

An ɗan matsa gaba tun lokacin. A Disamba 2013 Kwaddibuwa ta yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, da hukumar CAIDP mai sa ido a kai, a 2018 kuma aka yi dokar kare shaidu da masu tona ɓarna. Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya fitowa a kanun labarai. Lokacin da aka tsare 'yan Le Nouveau Courrier, ƙungiyoyin 'yan jarida na gida da na waje sun tashi tsaye. Mu masu makirufo muna da masu yi mana kuka. Sakatariyar da ta buga takarda, masinjan da ya ɗauke ta, direban da ya ji magana a mota, su wa gare su? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma galibi ƙaramin tsuntsu ne. Shi ya sa ƙin faɗin sunan nan da mutum ukun suka yi, har suka gwammace kwana a MACA, ya fi labarin da suka buga daraja a wurina.

Baba, in wannan rubutu ya iso gare ka ta hannun wani jikanka, ka riƙe makullinka da amana yadda ka saba. Amma ranar da ka ga ana ɗure kuɗin talakawa a buhu ana fita da su ta ƙofar baya, ka tuna ɗakin ba na mai gida kaɗai ba ne. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, da alƙalai masu sauraro kafin su yanke. Amin.