Hanta

hanta (suna, mace)

1. Gaɓa mai launin ja-ja-baƙi da ke ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta a jikin baligi ya kai kusan kilo 1.5. Tana tace guba daga jini, tana adana sukari, tana kuma samar da ruwan matsarmama mai narkar da kitse.

2. Wannan gaɓa ta dabba idan an dafa ko an gasa: *Ya sayi tsiren hanta.*

ciwon hanta: kumburin hanta. Nau'in A da E ana ɗaukarsu ta gurɓataccen ruwa ko abinci. B da C galibi ta jini, kamar wajen haɗa aska ko allura. Alamominsa sun haɗa da shawara, kasala da fitsari mai duhu. Giya, gyaɗa ko masara mai fumfuna, da shan farasitamol fiye da giram 4 a rana duk suna lahanta hanta.

hanta da jini: aminai na ƙut-da-ƙut.

hantarsa ta kaɗa: ya tsorata ƙwarai.

Ana yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa.