Tarihin Karkandar Sumatra da Mazauninta

Daga cikin jinsuna biyar na karkanda da suka saura a bayan ƙasa, wadda ake dangantawa da tsibirin Sumatra na ƙasar Indonesiya ita ce mafi ƙanƙantar jiki, domin galibi nauyinta bai kai kilo 1,000 ba, kuma ita kaɗai ce cikin na Asiya Allah ya yi wa ƙaho biyu, ya kuma suturta ta da gashi ja-ja-ja. Ɗabi'arta kaɗaici ce. Takan wuni tana birgima cikin taɓo saboda zafi da ƙudaje, ta fita kiwon ganye da sanyin safiya ko da almuru, tana hawan gangaren duwatsu cikin kurmin da ruwan sama ba ya yanke masa.

A zamanin da, mazauninta ya faro tun daga gindin duwatsun Himalaya, ya ratsa Assam da Bama da Tailan da zirin Malaya, har ya ƙetara teku zuwa Sumatra da Borneo. Abin da ya fara cinye ta farauta ce, saboda masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna sayen ƙahon da tsada, alhali kuwa asalinsa ɗaya ne da farce da gashi. Bayan haka aka bi kurmin da sara don katako da gonakin kwakwar manja, har ragowar dabbobin suka warwatsu, kowace a lungunta.

Wannan warwatsuwa, a ganina, ta fi mafarauci illa a yau, domin macen takan ɗauki ciki na wata goma sha biyar zuwa sha shida ta haifi ɗa guda, kuma in ta daɗe ba ta sadu da namiji ba sai ƙari ya fito mata a mahaifa, ta zama juya tun da sauran ƙuruciyarta. Saboda haka tun daga 1984 aka shiga kama su don kiwo, aka tara wajen arba'in, amma akasarinsu suka mutu ba zuriya, tun da ba a fahimci abincinsu da yadda suke barbara ba tukuna. Sai a 2001, a gidan namun daji na Cincinnati a Amurka, aka haifi namiji mai suna Andalas, shekara 112 bayan haihuwar da aka taɓa samu a Kalkata a 1889. Aka mayar da shi gandun Way Kambas na kudancin Sumatra a 2007, inda wata mace mai suna Ratu ta haifa masa ɗa a 2012 da 'ya a 2016, kuma 'yar nan, Delilah, ita ma ta haihu a 2023.

Malesiya kuwa ta riga ta yi hasarar nata: a 2015 aka bayyana cewa babu saura a dazuzzukanta, na ƙarshe biyu da ke hannu, Tam da Iman, suka mutu a 2019. Ƙiyasin hukumomin Indonesiya shi ne waɗanda suka rage ba su kai tamanin ba, wasu masana ma suna cewa ba su kai hamsin ba, mafi yawansu a duwatsun Leuser na arewacin Sumatra, kaɗan a Way Kambas, da 'yan tsiraru a gabashin Borneo.